Mita Dubu Huɗu

Ran Litinin, kasuwar Marwa ta cika ta batse,
Alhaji Hamajoda ya aje agogonsa a teburina,
teburin ya amsa kamar an ɗora masa guduma.
Ya ce, Dalailu, rage mini ƙarfe biyu,
azumi ya cinye mini tsintsiyar hannu.

Na maƙala gilashi a ido.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin agogo.
Na ga tsarabar Makka,
na ga masu arha waɗanda zufa kaɗai ke kashewa,
ban taɓa riƙe mai kaurin ƙosai biyu ba sai yau.
Murfinsa ya fi ƙofar banki taurin kai.
A gefe ga wata 'yar kafa, ba ta fi ƙwayar gero ba,
wai ta nan iska ke kuɓucewa
idan mutum ya taso daga gindin teku,
kada gilashin ya tarwatse.

A fuskarsa an rubuta: mita dubu huɗu.

Na ce, Alhaji, ina za ka haka?
Ya ce, Garwa, ɗaurin aure.

Na waiwaya.
Bayan rumfata Mayo Kaliyawo na kwance rigingine,
kogi ba ruwa, rairayi fari fat,
yara na buga tamaula a tsakar cikinsa,
mata sun tona rami kamu uku
suna zaune da ƙoƙo, suna jiran ya tsattsafo.
Ruwa mafi zurfi da agogon nan zai sani
shi ne na buta,
ko shi ma, Alhaji kan cire kafin alwala.

Ba na zagin maƙeran.
Na kai shi kunne, na rufe ido,
na ji bugunsa siriri, ba gaggawa, ba nawa,
kamar numfashin jinjirin da ya ƙoshi.
Wanda ya haɗa wannan ya san hannunsa.
Da na gan shi, da na miƙe na ba shi kujerata.
Sai dai ya yi wa raƙumi sirdi
an kai wa mai kiwon zabi.

Ƙanena Ilu yana Lagdo.
Idan taru ya sarƙe a itatuwan da dam ya haɗiye,
shi ake kira.
Ya tuɓe, ya kama wuƙa da haƙori, ya ɓace,
gaba biyar, gaba shida,
inda rana ke komawa ruwan bunu
sannan ta mutu gaba ɗaya.
Kunnensa na hagu can ya bar shi.
Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin lokacin tasowa,
ya buga ƙirji, ya ce, wannan ba ya latti.

Duk da haka na ba shi agogon roba, na jaka ɗaya.
Nutso guda ya sha ruwa ya tsaya,
ƙarfe goma da minti ashirin.
Shekara tara ke nan bai cire ba.
Akwai ɗigon Lagdo a ƙarƙashin gilashin,
in ya ɗaga hannu sai ya gangara
daga sha biyu zuwa shida.
Na ce kawo in gyara, ya ce a'a,
wannan ya ga abin da na gani.

Na zare ƙarfe biyun, na naɗe su a takarda,
kuɗinsu zai sayi rumfata har da ni a ciki.
Alhaji ya ɗaura, ya girgiza hannu, ya yi daidai.
Ya ba ni dala ɗari, ya ce riƙe canji.

Sai ga hadari daga wajen Mindif, na farko a bana.
Ɗigo ɗaya a kwano, biyu, uku,
matan cikin kogi suka ɗaga kai sama.

Alhaji ya ja hannun riga
ya lulluɓe mita dubu huɗu,
ya ruga mota.